Malama Sahura, Mai Gyare a Jaka

"Mama, mi ya sa wagga tsohuwa take leƙa ƙarƙashin gadon mutane? Wani abu za ta ɗauka?"

Ajuma ce, ɗiyata mai shekara biyar, ta jefo mini wannan tambaya, kuma a gaban tsohuwar ta yi ta, har da nuni da yatsa. Kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan toshe mata baki, sai Malama Sahura ta ɗago daga durƙuson da ta yi, tana dafe da gwiwa, tana dariya har da ƙwalla.

"Bar ta, gaskiya ta tambaya. Taho nan, ƙawata. Ɓarawo nike nema. Ba ya da ƙafa, ba ya da wari, kuma ba ya satar kaya, numfashi yake sata."

Ajuma ta ce, "To kin kama shi?"

"Yau dai bai zo ba. Uwarki ta iya tsaron gida."

Duk wanda ya zauna Dogon Dutsi a ƴan shekarun nan ya san wannan tafiya tata, ko bai san sunanta ba. In ta idar da sallar asuba ta sha kokonta, sai ta ɗauki lema da jakar fata wadda ta koɗe, ta kama hanya. Ba ta tambayar inda ake biki. Inda aka haihu take tambaya. A cikin jakar akwai wata ƴar na'ura ruwan ɗorawa, girmanta bai wuce salula ba, wadda ke yin ƙara in gubar gawayi ta taru a ɗaki, irin gubar nan da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Mata suka raɗa wa na'urar suna gyare, saboda kukanta. Ita kuma mai ita ta zama Mai Gyare. Yara na binta da sunan, tana amsawa.

Kaɗan ne suka san cewa wannan matar mai takalmin roba malamar jami'a ce, kuma bana ta yi ritaya bayan doguwar hidima. Ƴar garin Kiéché ce. A zamanin da aka sa ta lakkol, wato makarantar boko, ƴan mata a ajinsu ba su cika hannu ɗaya ba. Ta wuce Yamai, daga can ta ƙetare waje, ta karanto wani fanni da har yau in na faɗa wa mutane sai sun ce in maimaita: injiniyancin kare gini da mutane daga gobara. Yadda wuta ke kamawa, yadda take tafiya, inda hayaƙi ke bi, ƙofa nawa kasuwa ke buƙata don jama'a su fita da rai. Ta dawo ta koyar da shi. Abokan karatunta suka bi manyan kamfanoni, suka yi gidaje masu bene. Ita ta tsaya da alli.

Ta taɓa ba ni labarin abin da ya juya mata aiki. Wani hutu ne na lokacin ɗari, ta je duba ɗan ƙanwarta a asibiti, sai ta tarar da ɗakin cike da yara masu ƙuna. Wannan ya faɗa murhu yana rarrafe. Wancan tukunyar ruwan wankan jego ta kife masa. Ta ce, "Ɗiyata, na tsaya ina kallo, na tuna littattafaina. Duk maganar bene suke yi, da otal, da ma'ajiyar mai. Babu wanda ya san ɗakin uwata. Babu murhu mai duwatsu uku a ciki, babu danga, babu rumbu." Daga nan ta nemi malaman da ke bincike kan lafiyar yara da tsaronsu, suka haɗa kai. Duk hutu sai ta taho Arewa, ta bi ƙauyuka daga Dogon Dutsi har yankin Tibiri, ta zauna kan tabarma da uwaye tana tambaya: ina yaron yake tsaye, wa ke kusa, mi kike yi a lokacin? Aiki ne mai cin rai da jinkiri, kuma ba irin wanda ke ɗaga mutum da sauri ba ne. Ɗalibanta sun zama manya, wasu sun wuce ta muƙami. Ban taɓa jin ta ambaci hakan da ɗaci ba.

Ni a lakkol ɗinmu na Ɗan Kassari na fara ganinta, ina ƴar firamare. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ranar. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya fito da mu inuwar itacen bedi, mun zauna a rairayi, awakin Fulani na wucewa ta bayan aji. Ta kunna kyandir, ta kifa masa kwalba, ta ce mu yi ta tafi har ya mutu. Ba mu yi nisa da tafin ba wutar ta lanƙwashe ta ɗauke. Ta ce, "Wa ya hure ta?" Muka ce ba kowa. Ta ce, "To wuta ma numfashi take, kamar ku. In kun kwana ɗaki ɗaya da ita kun rufe ƙofa, kwano ɗaya kuke ci, kuma ta fi ku loma." Muka yi ta dariya. A lokacin duniya ba ta wuce mana daga rijiya zuwa gonar gero ba, kuma duk wanda muka sani yana raye. Ta raba mana alewa, ta hau bayan amalanken jaki kamar kowa, lemarta a buɗe, ta tafi.

Rabilu magini, wanda ya yi rabin ɗakunan unguwarmu, ya ce ita ta koya masa barin kafa biyu a bango, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don iska ta riƙa ratsawa. "Da farko na ɗauka rainin sana'a ne," in ji shi. "Na ce, Malama, ni na gaji gini wurin ubana. Ta ce, to Allah ya ji ƙan baba, ɗakin da ya gina wa uwarka rufin ciyawa ne, hayaƙi na fita ta ko'ina. Kai kuma kwano kake bugawa, ka shafe da siminti, ka sa ƙofar ƙarfe. Ka gaji gini, amma ba wannan ɗakin ka gada ba." Ya ce tun ranar bai sake musu da ita ba. Ita ce kuma ta sa mata suka fara kewaye tukunyar ruwan jego da ɗan gajeren gini, tsawon gwiwa, yadda mai rarrafe ba zai kai ba.

Amma ni ba don labarin wasu na ɗauki alƙalami ba.

Da na zo haihuwar Ajuma, gida aka mai da ni wurin Inna A'i, mahaifiyata, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Tsakiyar ɗari ne. Wanda ya san jegonmu ya san tsarinsa: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, sannan kwanciya kan gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, don jiki ya gasu, sanyi kada ya shige shi. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa uwarta. Sai dai yayana ya gyara wa Inna ɗaki a shekarar, ya buga kwano, ya sa ƙofar ƙarfe, abin alfaharinta.

Ran nan da hantsi, kafin suna, jaririyar ta yi atishawa. Inna ta ce sanyi ne. Bayan wanka ta ƙara garwashi, ta cusa tsohon zane a ƴar tagar, ta ja mana ƙofa. Mai jego ba ta da baki a ɗakin uwarta, kuma gaskiya ɗumin ya yi mini daɗi. Can sai kaina ya fara sarawa. Na so in ɗaga hannu in jawo yarinyar, hannun ya ƙi. Ina jin Inna a tsakar gida tana gaya wa maƙwabciya, "Yau dai Allah ya kawo mamu sauƙi, ƴar rigimar nan ta yi barci." Ina jin ta sarai, amma kiran ya ƙi fita bakina.

A daidai nan kabu-kabu ya sauke Malama Sahura a ƙofar gida. Tana hutu ne, ta ji an ce wata tsohuwar ɗalibar lakkol ɗinmu ta haihu, ta zo barka da sabulu a leda. Inna ta ce ko sallama ba ta ƙarasa ba. Tana isa bakin ɗakin, ta tura ƙofar kaɗan don ta leƙa, gyaren ya fashe da kuka a cikin jaka. Ta watsar da ledar, ta banke ƙofar, ta fizge zanen tagar, ta sunkuci jaririyar ta yi waje.

"Ku jawo uwar! Ku kama ta ku fito da ita, yanzu!"

Suka ja ni har tsakar gida. Yarinyar na hannunta, laƙwas, ba motsi. Inna ta ɗora hannu a ka.

"Doguwa ce! Wallahi tun jiya nike jin jikina, doguwar gawon can ce ta shigo!"

Malama ba ta ko ɗago ba, tana murza bayan jaririyar. "Yaya A'i, ban zo gardama da doguwa ba. In ma ita ce, kin toshe taga kin rufe ƙofa, ta ina kike so ta fita? A ɗaura jaki!"

A kan amalanke aka kai mu asibiti, ni kwance, ita zaune da Ajuma a ƙirji, ta buɗe mata fuska. Ban san tsawon tafiyar ba. Abin da na sani, muna wuce rumbunan bakin gari na ji wani ɗan siririn kuka, kamar na ɗan akuya. Malama ta ce, "Yawwa, zage mu. Zage mu da kyau, ƙawata." Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, kuma ba na sa ran zan ji.

Malama Sahura, ke ce kika san wuta a littafi, kika zo kika same ta a ɗakin uwayenmu. Ke ce uwar ɗiyan da ba ki haifa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kika yi bayan an sallame mu. Inna ta kasa haɗa ido da kowa, ta daina cin abinci, tana cewa ita ta so kashe jikarta. Kika dawo, kika zauna kusa da ita, kika karɓi ludayi kika sha kunun kanwar da ba naki ba. Ba ki ce mata al'ada banza ce ba. Kika ce, "Yaya, ki gasa gadonki yadda kika saba, ƙofa a buɗe. In ya yi zafi, ki kwashe garwashin tas ki kai waje, sannan ta kwanta. Ƙasa na riƙe ɗumi. Gadon kike so ya gasa ta, ba gawayin ba." Kika mai da wa tsohuwa mutuncinta a cikin ɗakinta.

Yau duk mai jego a unguwarsu Inna ke gasa mata gado, kuma in ta kwashe garwashin sai ta ce, "Haka kakata take yi." Na gaya wa Malama, na ɗauka za ta ji haushi. Ta ce, "Allah ya ji ƙan kakar. Ki bar mata, ta fi ni farin jini."

Na gode, Malama. Mijina ya gode. Allah ya saka miki da abin da ya fi aikinki, ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ki ci ritayarki cikin lafiya. Ku kuma iyaye, in ɗiyarku ta ce za ta karanci wuta, ko ta ce za ta yi bincike kan abin da ke cutar da yara, kada ku ce wannan wane irin karatu ne. Ku bar ta ta je, ku kuma roƙe ta ta dawo.

Don Malama ta tsufa, wannan ba ɓoyayye ba ne. Bara tana kaiwa ƙauyuka, bana ko ƙetare kwalta sai ta huta a hanya. Gyarenta ɗaya ne, ɗakunan jego kuwa ba su ƙirguwa, ga ɗari ya ƙarato. Ke da kike karanta wannan, ko ke ce mai jegon, ko uwarta, ko kai ne mai gidan da ya buga sabon kwano: kada a rufe ƙofa da garwashi a ciki, ko da rana tsaka ne. Kada a cusa tsumma a taga. In jariri mai kuka ya yi tsit a ɗaki mai wuta, uwarsa kuma ta ce kanta na sarawa, kada ku ce an samu sauƙi. Ku fito da su waje, ku nufi asibiti. Ni an yi sallama a ƙofarmu a kan lokaci. Kada ki kwanta kina jiran a yi a taku.