Haddar Turanci da 'Yar Kawuna

Sai da na haura shekara arba'in sannan na koma makaranta neman digiri. Malamin gona ne ni a Gwaram, kuma da difloma na yi ta aiki tun ina saurayi har furfura ta fara leƙowa a gemuna. Abin da ya tunzura ni shi ne, yaran da na koya wa gane cutar gero da ido su ne suke dawowa da digiri ana ɗora su a kaina. Ba hassada ba ce, wallahi, amma abin yana cin raina. An ce gemu ba ya hana ilimi, na ce to bari mu gani. Na sami gurbi a wata jami'a mai karatun ƙarshen mako, wadda ke tara ɗalibanta na yankinmu a wata makaranta a Birnin Kudu. Duk Asabar da sassafe nake tayar da babur, damina da rani.

Rubutu bai taɓa ba ni tsoro ba. A ba ni takarda da biro, zan jera Turanci har malami ya gyaɗa kai. Bakina ne matsalar. A ofis Hausa muke yi, a gona Hausa, a gida Hausa. Turancina yana ninke a cikin kai kamar kayan Salla a akwati, ba ya fitowa sai da babban dalili. Ga shi kuma ba a ba mutum digiri sai ya tsaya gaban malamai ya kare kundin bincikensa da baki, ya amsa tambayoyinsu da Turanci. Nawa binciken a kan wake ne: yadda manoman Zandam, garin mahaifina, suke adana shi don kada ƙwari su cinye, da dalilin da ya sa ba su rungumi sabon buhun nan mai leda a ciki ba, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu.

Mu da muka kai ƙarshen karatun tare duk manya ne. Akwai wani hedimasta, akwai wata hajiya ma'aikaciyar asibiti, akwai na'ibin limamin wata unguwa. Hedimasta ne ya kawo shawara mu riƙa zama ƙarƙashin darbejiyar harabar makarantar bayan lacca muna gwaji. To da wace hanya za mu yi gwajin? Dukkanmu a makarantar allo muka buɗe ido, hanya ɗaya muka sani ta riƙe magana a ka. Kowa ya rubuta jawabinsa, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya haddace. Mutum zai miƙe ya biya, sauran suna riƙe da takardarsa suna bi, in ya tsallake kalma a ja masa ita kamar yadda ake yi a tilawa. Har rangajin nan na masu karatu muna yi ba mu sani ba. Tambaya kuwa babu mai yi. Wa zai katse hedimasta yana magana? Wa zai ce wa na'ibin liman bai gane ba? In mutum ya kai ƙarshe sai mu haɗa baki, “Madalla, Malam! Ai kai ka gama.” Ni har a kan babur nake biya nawa, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu ba tuntuɓe.

Ranar karewa na shiga da babbar rigata, na tarar da malamai a jere bayan tebur. Na tsakiyarsu farfesa ne, wani dattijo siriri mai tabarau. Na gaishe su, na ɗauko jawabi tiryan-tiryan. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

“Dakata, Malam,” ya ce da Turanci. “Me ya sa ka zaɓi wake, ba gero ba?”

Tambayar da ko a barci aka tashe ni zan amsa da Hausa! Amma zaren ya tsinke. Shi kuwa mai hadda in karatu ya kuɓuce masa, me yake yi? Kan sura yake komawa. Sai kawai na ji bakina ya sake gaishe su, ya ɗauko jawabin daga farko. Farfesa ya bar ni na ɗan tafi, ya sake tsayar da ni da wata tambayar. Na sake komawa farko. Wata malama a gefensa ta sa hannu ta rufe baki. Gumi ya jiƙa mini hula.

“Malam, kundinka mun karanta, kuma aiki ne mai kyau,” in ji farfesa a hankali. “Kai muke so mu ji. Ka dawo baɗi.”

Baɗin nan ita ce damata ta ƙarshe, domin na riga na rasa shekara guda lokacin jinyar Baba, kuma wa'adin da jami'a ke ba ɗalibi ya zo ƙarshe. In na sake faɗuwa, duk zirga-zirgar Asabar ɗin nan ta tashi a banza. Hedimasta shi Allah ya rufa masa asiri ya wuce. Ni da na'ibi aka mayar.

Na koma gida na ƙi cin tuwo. Inna, mahaifiyata, da ke zaune a wurina tun bayan rasuwar Baba, ta sa na ba ta labarin daga farko. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ni ta san ni.

“Kai da in ranka ya ɓaci ba a iya tare bakinka?” ta ce. “Waɗanda kuke zama da su kunyarka suke ji. Tafi wurin 'yar kawunka.”

'Yar kawuna malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu, kuma taubashiyata ce. Tun muna yara ba mu taɓa yin maganar arziki ba. Ita ta ce ni bawanta ne, ni na ce ita ce baiwata, haka muka girma. Abin da ba wanda ya isa ya faɗa mini, ita za ta faɗa a tsakiyar taro, kuma al'ada ta hana ni fushi. Na ce wa Inna gara in rasa digirin da in kai kaina wurin wannan yarinya.

“To rasa mana,” in ji Inna, ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta gaba bayan la'asar na yi sallama a gidanta. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake a faifai, mijinta, wanda direba ne a hanyar Kano, yana kishingiɗe a tabarma.

“Lale da bawana!” ta ce. “An ce ka je gaban farfesa ka ja masa baƙi, saura kaɗan ya ba ka sadaka.”

Na haɗiye. Na miƙa mata takardar jawabina don ta riƙa bina. Ta karɓa, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin kujerarta ta zauna a kai. Sannan ta kafa doka: daga na gama gaisuwa har in fita, babu Hausa a gidanta. Na fara biyawa, ta katse ni. Na koma farko, ta buga faifai da hannu ta ce in na sake gaishe ta sai ta watsa mini waken nan. Ta tambaye ni launin buhun. Ta tambaye ni wa ke ɗaure shi, miji ko mata. Ta tambaye ni ko ni kaina na taɓa dafa wake. Ina in'ina tana dariya har da riƙe ciki. Ran nan na fita ina rantsuwa ba zan sake taka gidan ba. Mijinta ya raka ni bakin zaure yana cewa, “Haƙuri, Malam. Kai Asabar kaɗai kake sha, ni kullum ne.”

Na koma. Ina zan je? Haka muka yi ta yi har damina ta faɗi. Wani lokaci in fita da ciwon kai, wani lokaci in fita ina tsaki. Na ma gwada kai salon nata ƙarƙashin darbejiya: na'ibi yana cikin biyawa na jefa masa tambaya. Ya dube ni kamar na taka masa sallaya, ya tattara takardunsa. Sai da na bi shi har gida na ba shi haƙuri.

Wata Asabar na tarar da ita da faifan wake a gabanta, ta shirya mini. Tun kafin in zauna ta ce, da Turancinta mai santsi, ita ba ta ga abin bincike a nan ba. Mutanen Zandam ragwaye ne, kansu a toshe yake, shi ya sa aka kawo musu buhu suka ƙi. Ta ce ai dangin ubana ne, ba mamaki. Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta da takarda, na manta da ƙa'idar nahawu, na shiga zazzaga mata Turanci, wani a karye wani a gurguje, ina nuna ta da yatsa. Na gaya mata yadda mutanen nan ke fita gona tun kafin rana ta fito, yadda suke gauraya wake da toka da barkono tun kakanni, da abin da suka faɗa mini da bakinsu game da buhun. Sai da numfashina ya ƙare na tsaya. Mijinta ya tashi zaune yana tafi, shi da rabin maganar ma bai ji ba.

“Kurakuranka sun fi waken faifan nan yawa,” ta ce. “Amma ba abin da ban gane ba. Zauna mu tsince su.”

Daga ranar haka muka koma yi. Ta tsokane ni, in yi ta zuba, sai na gama ta ɗauko kurakuran ɗaya bayan ɗaya. A hankali ya zamana ba sai ta zagi dangina ba kafin bakina ya buɗe, ko da yake ba ta fasa zagin ba.

Ranar karewa ta biyu ta zo. Farfesan nan dai na tarar, da tabaransa. Na gaishe su, na fara bayani da kalmomin da suka zo mini, ba na takarda ba. Ya katse ni, na amsa. Ya sake, na amsa, amma ina jin tsohuwar haddar tana taso mini a maƙogwaro tana neman hanya. Sai ya jingina da kujera ya ce shi a ganinsa abin ba wuya: jahilci ne ya hana manomana karɓar buhun, in an wayar musu da kai shi ke nan.

Jinina ya hau. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ba jahilci ba ne. Buhun nan ba ya aiki sai a ɗaure, da an buɗe shi iska ta shiga, ƙwari sun farfaɗo. Shi kuwa waken gida ba kayan kanti ba ne. Yau uwargida za ta ɗiba ta yi ɗanwake, gobe maƙwabci ya zo neman iri, jibi a yi haihuwa ko rasuwa a unguwa. Wane ne a Zandam zai dubi maƙwabcinsa da aka yi wa mutuwa ya ce masa buhuna a ɗaure yake sai bazara? Shi ya sa suke zuba waken a ƙananan jarkoki, su buɗe ɗaya su bar sauran. Sun gane maganar iska sarai. A ɗinka musu ƙaramin buhu a gani in ba su saya ba! Har tebur na buga.

A nan hankalina ya dawo: na ɗaga wa farfesa murya, a ranar da ba ni da wata bayanta. Inna lillahi! Na fara ba da haƙuri. Ya cire tabarau yana goge ido, ashe dariya yake yi.

“Bara ina ka ɓoye wannan mutumin?” ya ce.

Suka ci gaba da tambaya, amma abin ya koma hira. Malamar da ta rufe baki bara har ta nemi in bayyana mata yadda ake toshe bakin jarkar. Aka ce in jira a waje, ba a jima ba aka kira ni aka ce na ci. Na fito na zauna ƙarƙashin darbejiyar nan. Wani nauyi da na yi shekara ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, na ji iska tana shiga jikina har ciki. Na yi ta hamdala, hawaye na zuba a gemu, ban damu da masu wucewa ba. Da na'ibi ya fito shi ma da fara'a, muka rungume juna.

Ban nufi Gwaram ba sai da na biya ta gidanta. Tana ganina ta gyara zama.

“Yaya dai, bawana? Ka sake ja musu baƙin?”

“Na ci,” na ce da Hausa.

Na tsaya ina jiran baƙar maganar da za ta biyo baya, har na tanadi tawa. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Mijinta ya gaya mini tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba, azumi ta ɗauka saboda ni.

“Alhamdu lillahi, Yaya,” ta ce daga cikin mayafin.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa kirana Yaya ba. Na nemi baƙar maganar da na tanada na rasa, da Hausa da Turancin duka.