Mai Riƙe Ɗaya Bakin Robar

Matar nan ta taɓa ɗaukar wa Doña Herminia kwandon rogo daga kasuwa har ƙofar gida, amma har yau Herminia ba ta san sunanta ba. Kullum in ta dawo daga coci tana hango ta a barandar gidan da ke kallon nata, gajeriya mai furfura, zaune daram a kan ƙatuwar ƙwallo, tana jan robar motsa jiki. Ɗaya bakin robar yana hannun mijinta, wani tsoho mai tumbi.

"Casimiro, riƙe da kyau mana! Ina wake da shinkafar da ka narka?" in ji matar.

"Ja dai, tsohuwa! In na saki, sai dai a tsinto ki can birnin Cartagena!"

Herminia takan tsaya da carbi a hannu, tana kallonsu. Ita ma likita ya ba ta irin robar, amma tun rasuwar mijinta a jikin ƙofa take ɗaure ta, ƙofa kuwa ba ta tsokana.

Abu ɗaya ta ƙi sawa a addu'arta, wato roƙon da matar ta yi mata ranar kwandon: "'Yar'uwa, ke mai zuwa coci, roƙa mini Allah ya hutar da ni daga surutun mutumin nan, ko na yini ɗaya."