Allurar da Inna ta ɗumama mini

Matso kusa, 'yar'uwa, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce, don Inna tana ɗakinta kuma har yau kunnenta garau yake.

Na daɗe a gidan mijina a Anka ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ƙannena da aka aurar a bayana har sun fara kawo mini 'ya'yansu yaye. Inna, uwar maigidana, ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Abu guda ta riƙe, wai sanyi ne ya shige mini mara. A wurinta duk macen da ba ta haihu ba sanyi ne ya kama ta. Ta hana ni ruwan randa, ta hana ni zama a kan siminti, ta yi ta dafa mini sassaƙe da citta har bakina ya manta ɗanɗanon miya. Da tsufanta ta hau kabu-kabu har Gummi don ta karɓo mini wani jiƙo.

Da muka gaji muka je Gusau, likita ya ce hanyoyin ƙwaina ne a toshe, ya tura mu Abuja. Can wata likita mai haƙuri ta bayyana mana abin da ake kira dashen ciki: a yi wa mace allurai ƙwayayenta su girma, a ciro su, a haɗa da na mijinta a waje, in ya kama a mayar mata. Maigidan ya tambayi malaminsu, aka ce in dai na miji da mata ne babu laifi. Ya sayar da shanun huɗarsa. Duk mun san sau ɗaya ne, babu wasu shanun a baya.

Aka ba mu alluran a cikin 'yar kula, aka ce in fara a gida, in koma a yi mini hoto. Likitar ta riƙe hannuna ta ce, "Kada zafi ya taɓa su. Kin ji ko? Zafi yana kashe su."

To wutar lantarki a wurinmu sai dai a ba da labarinta. Kullum maigidan sai ya sayo ƙanƙara wurin mai janareta a kasuwa. Ɗakina rufin kwano ne, da rana kamar tanda, shi ya sa muka kai kular ɗakin Inna na soro, muka ajiye ta a gindin randa kan jiƙaƙƙen yashi. Abin da maigidan ya ce mata kawai, "Inna, ga magani nan, a ajiye." Ni kuwa da wane ido zan yi wa surukata zancen ƙwai da ciki? Kunya ta rufe mana baki duka biyu.

Bayan la'asar wata malamar asibiti maƙwabciyarmu take zuwa ta yi mini. Inna ce ke fito da kwalbar ranar da kanta, a naɗe cikin gefen zane, tana addu'a. Sau ɗaya malamar ta ce, "Inna, kin matse ta da yawa, har ta ɗauki ɗumin hannunki." Muka yi dariya.

Ana gobe za mu koma Abuja na shiga in kai wa Inna fura. Na tarar da ita a tsugune, ga kwanon sha yana tururi, ga 'yar kwalbata a ciki tana yawo.

Na ce, "Inna, mi a wannan?"

Ta ɗago tana murmushi. "Ɗumama miki nike, 'yar nan. Tun ran da anka kawo su nike yi. Na taɓa su na ji kamar ƙanƙara. Mace da sanyi ya hana ma haihuwa, kuma a zo a ɗura mata wani cikin ciki? Likitocin ga sun yi karatu, amma wa ya ce musu sun san jikin mace?" Ta tsamo kwalbar da yatsa biyu, tana hura yatsun. "Ina raye ba a yi miki haka."

Na ajiye furar. Na ce, "Allah shi saka da alheri, Inna." Shi ne abin da bakina ya iya. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa, a kan simintin da ta hana ni.

A mota na gaya wa maigidan. Ya yi ta jan carbi har muka wuce Gusau.

Aka yi hoton. Ƙwayayen ba su girma ba, babu abin cirowa. Maigidan ne ya faɗa wa likitar abin da ya faru, kansa a ƙasa. Na tambaye ta, to ruwan zafin ne? Ta ce mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma jikina ne bai karɓa ba, akwai matan da ko an yi komai daidai haka yake zo musu. Ba za ta iya rantsuwa ba. Ta ce muna iya sake gwadawa. Maigidan ya yi godiya, muka fito.

Wannan rashin sanin shi ya fi zama mini. Da ta ce ruwan ne, da na yi kukana na gama. Da ta ce jikina ne, da na haƙura da shi.

Mun yi shawara ba za mu gaya wa Inna ba. Shekaru sun tafi, ina nan ina yayen 'ya'yan ƙannena. Amma ita ba ta bar maganar ba. Ko jiya ina tsefe mata kai ta ce, "Laifina ne, 'yar nan. Gaggawa nike yi kada malamar ta iso. Da na ƙara barin su cikin ruwan, da yanzu goyo kike."

Na ci gaba da tsifa. In na yi shiru, za ta mutu tana ganin ba ta ɗumama sosai ba. In na yi magana, kin san abin da zan ɗora mata. Ke da ke ce da matsefin nan a hannu, me za ki ce mata?