Kai Tsaye Ne, Iya

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora suyar alkaki, ƙamshin ya tsallako katanga ya iske ni ina tsintar shinkafa. Wani in ya ji ƙamshin nan biki yake tunawa. Ni kuwa jirgin ƙasa nake tunawa, da Baffana ƙanin mahaifina, sai in ji tsaki ya cika mini baki.

A Soron Ɗinki na tashi, a ɗakin kakata, mahaifiyar babana da Baffa, wadda duk gidan muke kira Iya. Tsohuwa ce mai tsabta da son zumunci, sai dai kunnenta ya yi nauyi, rabin magana take kamawa ta ƙarasa sauran da kyakkyawan zato. 'Yan ɗakinsu duk sun rasu, saura ƙanwarta guda da aka kai aure wani ƙauye gaba da Madobi, gidan masu shanu. Hanyar garin ba ta biyuwa da damina, ga ciwon gwiwa ya saka su duka biyun a gaba. Don haka a tagar jirgi suke zumuncinsu. Duk sa'ad da Iya za ta Zariya ko Kaduna, sai ta ba da sallahu wurin wani mutumin garin da ke kawo man shanu Kasuwar Kurmi. Ranar tafiya ƙanwar ta fito 'yar tasharsu ta jira. Tsohon jirgin nan mai tsayawa a kowace tasha ya ja birki, su riƙe hannun juna ta taga, wannan ta miƙa ƙunshi, waccan ta miƙo ƙwarya, a yi gaisuwa, a yi gulmar surukai da sauri da sauri, har a busa usur. Na sha gani da idona, domin ni ce 'yar rakiyar Iya.

To, sai Baffa. Akawu ne a wani ofis a Kaduna, amma in ka ga tafiyarsa sai ka rantse shi ke riƙe da mabuɗin garin. Da tsakar bazara zai shigo mana da laktaye ya shaƙe wuya, yana toshe hanci da hankici a lungun da aka binne cibiyarsa. Magana ɗaya, duba agogo biyu. Wai shi lokacinsa tsada gare shi. Mu dai ba mu taɓa ganin abin da ya saya da shi ba.

A wata damina, gero ya fara fid da kai, matarsa ta haihu, ya zo ɗaukar Iya zuwa suna. Tun bazara kuwa labari yake zuwa cewa jikin ƙanwar Iya ya ƙi daɗi. Iya ta wuni tana suyar alkaki, ta ciro zanen rini sabo fil daga ƙasan adaka, ta aika sallahu cewa ranar kaza tana tafe, ko a kan jaki ne a kawo mata 'yar'uwarta tasha ta gan ta.

Da yamma Baffa na zaune kan kujera yana karkaɗa ƙafa, Iya ta tambaye shi.

"Jirgin nan naka yana tsayawa a tashar ƙanwata ko?"

"Ai wannan jirgin rana ne na manya, Iya. Kai tsaye ne."

Wutsiyar maganar kawai ta shiga kunnenta. Fuskarta ta washe.

"Yana tsaye? To alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka."

Baffa ya buɗe baki, ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya ce amin. Ni a lokacin ban san bambancin jirgi da jirgi ba. Shi ya sani sarai. Ya kuma san in ya gyara mata, cewa za ta yi sai dai a shiga tsohon jirgi, shi kuwa ina zai iya abokan aikinsa su gan shi yana saukowa daga cikin kaji da buhunan albasa? Abin da ya rufe masa baki ke nan, wallahi ba wani abu ba.

Washegari da safe muka shiga taragon da yake ta kuri da shi. Sanyi kamar cikin randa, tagogi na gilashi a liƙe, ba ta inda iskar Allah za ta shigo. Mutanen ciki kowa ya kafa jarida a fuska, ba sallama ba amsawa. Iya ta ƙudundune a mayafi, ƙunshinta a cinya. Muna haye kogin Chalawa ta fara gyara ɗaurin ƙunshin. Da muka wuce Madobi ta miƙe ta dafa gilashi, tana laluben inda ake buɗewa.

Jirgin bai ko rage gudu ba. Na hango kukar bakin tashar, na hango jaki a ɗaure, na ga tsohuwa kan tabarma wata budurwa na tallafe da ita. Tsohuwar ta yunƙura ta miƙe, ta ɗago hannu. Iya ta shiga dukan gilashin da tafin hannu tana kiran ta da sunan da take kiran ta tun suna yara. Kafin ta rufe baki sai gonakin gero.

Masu jarida suka leƙo. Wani ya yi tsaki. Baffa ya jawo gefen mayafin uwar da ta haife shi, ya rage murya.

"Iya, ki zauna mana, ana kallonmu."

Kun ji fa. Ana kallonsa. Abin da ya dame shi ke nan a duniya.

Ta zauna. Sai da muka bar Zariya ta juyo ta ce, "Ka sani?"

"Ai na faɗa miki, Iya."

Gaskiya ne, ya faɗa. Irinsu ba sa ƙarya, barin ka suke da taka fahimtar in ta yi musu daɗi. Da muka sauka Kaduna, abin da ya fara gaya wa abokansa shi ne ko la'asar ba a kira ba muka iso.

Iya ta ce ana gama suna, a tsohon jirgi za ta koma, ko duniya za ta taru a kanta. Ana gobe suna aka aiko cewa ƙanwarta ta cika. A bayan motar kaya muka tafi gaisuwa, muna tafe ana tura ta cikin taɓo. A can budurwar nan, jikar marigayiyar, ta gaya mana cewa ran nan tsohuwa ƙin komawa gida ta yi. Ita yarinyar ta rantse mata ta ga Iya a taga, tsohuwar ta ce ƙarya ne, ba jirgin ba ne, yayarta ba za ta wuce ta ba. Haka ta zauna gindin kuka tana jiran na gaba har hadari ya taso. Iya ta saurara da kunnenta mai nauyi, wannan karon ba kalmar da ta kuɓuce mata. Ba ta ƙara taka tashar jirgi ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ga shi ana ta maganar sabon jirgi. 'Ya'yana suna nuna mini a waya, suna ta zumuɗi wai ba ya tsayawa ko'ina, kamar rashin tsayawa wani abin yabo ne. Ban hana kowa sauri ba, amma na san waɗanda ake takewa a yi shi.

Baffa yana nan da ransa. Ya yi ritaya ya dawo lungun da yake toshe wa hanci, yana zama a ƙofar gida yana tara samari da labari. Ina durƙusawa in gaishe shi, uba ne, ba yadda zan yi. Kwanan baya na tarar yana gaya musu cewa duk unguwar nan shi ya fara saka mahaifiyarsa a tarago mai sanyi. Ya hango ni, ya washe baki.

"Yawwa, ke ma ai kina ciki. Faɗa musu."

"Ina ciki, Baffa," na ce. "Na kuma ga wadda muka wuce."