Ibrah Mai Birki, Wanda Ya Raka Kumandan Gida

Ranar Lahadi, 18 ga watan Agusta na 2024, da hantsi, ana tsakiyar cin kasuwar Filinge, Allah ya karɓi ran Ibrah Magagi, wanda duk direban da ya taɓa bin hanyar Kurfai ya sani da Ibrah Mai Birki. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muke komawa ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa Haske ce ta kira ni ina zaune a tsakar gidana a Yamai. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Baba Tahiru, abokinka ya tahi." Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ban samu jana'iza ba: ƙafafuna sun gaji, hanyar kuma ba ta zama irin wadda tsoho zai tashi kawai ya kama ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don abin da ban samu na faɗa a bakin kabari ba ya fita daga ƙirjina.

Ibrah, na fara ganinka a shekarun da kuɗin uraniyom suka shigo ƙasa, soja na mulki, manyan motoci suna cika titunan Yamai. Ni a lokacin direba ne ga Kumandan Manzo, wani hafsan soja ɗan Shikal ta ƙasar Kurfai, wanda ya sayi baƙar mota ta alfarma ƙirar Turai. Birkinta ya fara kuka, aka aike ni da ita gidan da aka sayo ta. Gida ne na gilashi da sanyin na'ura, inda masu motoci ke zama ciki ana kawo musu kofi, mu direbobi kuwa muna can baya ƙarƙashin itace. Ka fito daga ƙarƙashin motar kana goge hannu, ka yi mini tambaya da Faransanci, na amsa. Sai ka tsaya ka dubi tsagar fuskata irin ta mutanen Kurfai, ka ce, "Kai ɗan wane gida na?" Tun da na bar gida ban ji maganar da ta sanyaya mini rai kamar wannan ba. Daga ranar, duk Juma'a bayan masallaci ina ɗakinka a unguwar Bukoki, muna shan furar geron da mahaifiyarka ke aiko maka, muna lissafa mutanen gida da gonakinsu kamar da safe muka baro su.

Duk lokacin da aka miƙo mini faktir, wato takardar kuɗin gyara, sai na ji kaina ya yi nauyi, ko da yake ba daga aljihuna kuɗin ke fita ba. Taya ɗaya ta motar nan ta fi albashina. Kai ne ka zaunar da ni ka bi mini hanyar da kowane ƙarfe ke bi kafin ya iso hannunka: jirgin ruwa zuwa Kwatano, jirgin ƙasa, babbar mota har Gaya, sannan 'yan duwan, wato kwastan, su ci nasu. Gilashin nan da sanyin nan ma, ka ce, mai mota ne ke biyansu ba tare da an rubuta masa ba. Ban taɓa jin ka zagi gidan da kake ci a cikinsa ba. Abin da kawai kake cewa shi ne, masu sayen irin waɗannan motoci suna tambayar kuɗin mota, amma ba wanda ke tambayar kuɗin tayarta sai ranar da ta suɗe. Ka koya mini sauka gangare da giya maimakon danne birki, da duba iskar taya tun da safe kafin ta yi zafi. Da wannan na yi shekaru ina tuƙi ban zubar da jinin ko akuya ba.

Kumandan mutum ne mai kyauta, amma mai zafin rai, kuma zamanin nasu ne. Wata rana wani ƙarfen birki da aka yi odarsa daga Turai bai iso ba, ga shi ana shirin wani babban biki da yake son ya halarta a cikin motarsa. Ya zo da kansa. A gaban ma'aikata ya zage ka, ya kira ka da sunayen da ba zan rubuta ba, sannan ya sa sojoji biyu suka zaunar da kai cikin rana a bakin ƙofa har ta karkata. A wancan lokaci babu wurin kai ƙara. Da na zo ɗakinka da yamma, na same ka da jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Ka roƙe ni ruwa, ka sha, sannan ka tambaye ni ko motar tana jan hagu har yanzu in an taka birki. Maganar ranar ba ta sake fitowa daga bakinka ba, ko da wasa.

Shekaru suka shuɗe. Soja suka koma bariki, Kumandan ya yi ritaya, masu cika ƙofar gidansa suka watse. Ni na zauna, don ban san wani gida ba. Sai aka karya darajar sefa, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Ba a jima ba ciwon hanta ya kwantar da shi, har likitoci suka ce wa matarsa, Hajiya Muna, gara a kai shi cikin danginsa. Shi ma abin da yake so ke nan. Yana son ya mutu a Shikal, kuma yana son ya shiga garin a cikin motarsa, yadda mutanensa suka saba ganinsa. Ita kaɗai ta rage masa daga wancan zamani.

Motar kuwa ta daɗe a ajiye. Tayoyin sun tsattsage, takalman birki sun cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe. Na lallaɓa da ita zuwa gidan motocin. Faktir ɗin da suka ba ni na tayoyi huɗu da takalman birki da faya-fayansu da ladan aiki ya isa a sayi manyan bijimai biyu irin na gandun kiwon Tukunus, ya kuma haura fanshonsa na rabin shekara. Na karanta masa yana kwance. Ya juya fuskarsa bango, ya ce a nema masa wuri a motar kasuwa. Mutumin da ba ya iya zama sai an tallafe shi, a tsakanin buhuna da kaji, a kan hanyar da damina ta cinye. Hajiya ta fita tsakar gida don kada ya ga hawayenta.

Ban roƙe ka komai ba, Ibrah. Ina tuna abin da aka yi maka, bakina ba zai iya ba. Amma kai ne ka duba motar, ka san abin da ke cikin takardar. Bayan an tashi daga aiki sai ga ka a kan ɗan babur ɗinka. Ka gaya wa Hajiya cewa farashin ba naka ba ne balle ka rage, kuma ba za ka ɗauko ko ƙusa ɗaya daga ma'ajiyar masu gida ba. Amma hutunka na shekara naka ne, hannuwanka ma naka ne. Washegari ka ɗauki hutun.

Muka yi ta zagaya kasuwar Katako da wuraren masu tsofaffin ƙarafa. Na gaji da ganin kana mayar da taya bayan taya. Kana sa tafin hannu a cikinta kana shafawa a hankali, kana matsa gefenta, mai kaya na rantsuwa kana girgiza kai. Har muka dace da huɗu daga wata mota irin tamu da injinta ya mutu tayoyinta na da sauran rai. Faya-fayan birkin ka kai wa wani abokinka mai injin sassaƙa ƙarfe ya daidaita su, takalman kuma ka sa musu sabuwar fata da hannunka. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin taya ɗaya sabuwa ba, kai kuma ka ƙi karɓar ko na goro. Ba ka ruɗi kowa ba: ka ce wa Hajiya wannan ba kamar sabo ba ne, zai kai mu Shikal ya dawo da mu in an bi a hankali, bayan haka ba ka yi alkawari ba.

Ranar tafiya da safe, mun shimfiɗa wa Kumandan matasai a baya, Hajiya na riƙe da kansa, sai ga ka da 'yar jakarka ka buɗe ƙofar gaba ka zauna. Na tambaye ka ina zuwa. Ka ce, "Ba ni gyara birki irin wanga in bar wani shi gwada shi da rainai. In ya ƙi, shi ƙi da ni ciki."

Bayan Baleyara, a gangaren da ke shiga kwarin Dallol, garken shanu ya faɗo mana hanya ba zato. Na taka. Motar ta tsaya a hankali, ba ƙara, ba karkata, ko matashi ɗaya bai zame daga ƙarƙashin maras lafiya ba. Na dube ka, kai kuwa kana kallon shanun kana ce mini jar saniyar can ta kusa haihuwa. Da muka wuce Bonkuku, Kumandan ya ce a tsaya a buɗe masa ƙofa. Gero ya yi kai, ƙasa a jiƙe, iska na kawo ƙamshin da duk ɗan Kurfai ya sani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira sunanka, wanda ban zaci ya riƙe ba.

"Ibrah, ranar nan da na sa aka aje ka cikin rana. Ka yahe mani."

Ka juyo gaba ɗaya a kan kujera, ka ce, "Baba, na yahe tun ran nan. Ka ga hatsin bana? Mu dai isa gida."

Da muka shiga Shikal mutane suka fito daga gonaki da gidaje suna bin motar. Ya ce a tayar da shi zaune. Ya ɗaga hannu ta taga kamar yadda ya saba, tsofaffi suna kiran sunan ubansa. Bai ga girbin shekarar ba. Ya cika a ɗakin da aka haife shi, 'yan'uwansa na kewaye da shi.

A hanyarmu ta dawowa, da muka kusa Yamai, ka ce ka leƙa gonar mahaifinka ka ga ciyawa ta fi hatsi. Shekara ba ta zagayo ba ka ajiye aikin. Mai gidan motocin ya yi ta lallashinka, ka yi masa godiya ka ɗaure kayanka. Ka kafa rumfa kusa da tashar Filinge. Hannuwan da suka saba da motocin ministoci suka koma kan motocin kasuwar Abala da Sanam, da babura, da amalanken jakai, kuma ban ga ka rage musu kulawa ba. Haruna, wanda yau shi ne babba a sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya ba ni labarin ranar da ya yi lodi zai tafi Sanam, mata da yara har saman kaya, tayarsa ta gaba ta yi ƙulu a gefe. Ka yi masa magana ya ce sai ya dawo. Sai ka ɗauko kujerarka ka zauna a gaban motar, ka ci gaba da cin goronka. Ya yi faɗa, fasinjoji suka yi gunaguni, ba ka motsa ba sai da aka kwance ta ka ara masa wata. Ya ce ya yi kwanaki ba ya gaishe ka, ranar jana'izarka kuwa an ce mini shi ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Motar Kumandan ma wurinka ta ƙare. Da ta gaza gaba ɗaya, Hajiya Muna ta ba ka ita. Ka cire ƙafafunta na baya ka haɗa amalanke mai faɗi, ka ba matan wani ƙauye da ke nesa da kwalta don kai masu naƙuda asibiti. Mutane suka riƙa dariya wai jariran Kurfai a kan tayar Kumandan suke zuwa duniya. Kai ka fi kowa jin daɗin wannan magana.

A 'yan shekarun nan waya ce ta riƙe mu. Duk Juma'a bayan la'asar sai mun yi hira. Ɗana Isufu yana tuƙa wa wani attajiri wata ƙatuwar mota ta zamani, kuma tun da aka rufe iyakoki bara, abin da aka caje su na birki da tayoyi a gidan motoci ya isa a gina rijiya. Da na gaya maka, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Sannan ka tambaye ni ko gaskiya ne motocin yanzu da kansu suke faɗin birkinsu ya ƙare. Ka ce kana so ka kwanta ƙarƙashin irinta sau ɗaya kafin ido ya tafi. Muka shirya in an yi girbi Isufu zai roƙi maigidansa, mu zo tare.

Ga gero can yana nuna, Ibrah. Juma'ar da ta wuce na ɗauki waya bayan la'asar, har na nemo sunanka kafin na tuna. Ba sauran wanda zan ce masa "ka tuna" ya amsa kafin in ƙarasa. Ina kewar muryarka, ina kewar yadda kake tambayar ƙafafuna kamar wata tsohuwar mota da kake tausayi, ina kewar garin da a bakinka nake jin labarin ruwansa da kasuwarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Habsa, wadda ta yi haƙuri da baƙin mai a tufafi da baƙi a ƙofa ba lokaci. Ga Haske da 'yan'uwanta Kailu da Lawali. Ga Hajiya Muna da zuriyar Kumandan, waɗanda suka ɗauke ka ɗan gida. Da direbobin Filinge, Abala da Sanam baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda Ibrah ya saba tsayawa. Haske, in Allah ya kawo ni, kada ki wahalar da kanki da girki. Ki dai sa a kama hannuna a nuna mini inda yake.

Ya Allah, bawanka Ibrah ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sa duk ran da ya isa gida lafiya ta dalilinsa ya zama shaida a gare shi. Ka saukar da shi Aljanna Firdausi, mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.