Sajan Abel da Daron Ƙofar Akurki

A unguwarsu a Zuru babu wanda bai san Sajan Abel ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, ya dawo gida da gurguwar gwiwa da kuma murya mai tashin barci. Da aka shiga fargabar murar tsuntsaye a shekarar 2006, sai ya naɗa kansa sufeton kajin unguwa, ba wanda ya roƙe shi. Shi ya tilasta wa kowa ajiye daron ruwan magani a ƙofar akurki, duk mai shiga ya tsoma ƙafa tukuna. Mata na gunaguni, amma suna bi, don kajinsu sun daina mutuwa.

Abu ɗaya ne: shi Sajan ba ya tsomawa. Takalminsa na soja kullum yana sheƙi, ruwan maganin kuwa yana dusar da fata. Sai ya riƙa tsallake daron kamar mai tsallake kwata, wa zai yi wa Sajan magana?

Wata safiya ya hau babur zuwa Ribah don duba wani abokinsa da kajinsa ke zubewa. Cutar fakat ce, mai murɗe wa kaza wuya. Ya jujjuya mushen da bakin takalmi, ya zazzaga wa abokin faɗa kan ƙazanta, ya juyo. Kafin ya isa gida ya biya ta wurin Leah, matar marigayi Kofur Philip, wadda ke riƙe da 'ya'ya huɗu da kuɗin ƙwan da kajinta sittin ke yi. Ya tsallake daronta, ya zaga akurkin, har ya yaba mata tsabta.

Kwana biyar, kajin Leah suka fara gyangyaɗi. Kafin mako biyu ko ɗaya ba ta rage ba. Nasa kuwa lafiya lau, domin a gida silifa yake sakawa. Nan ya san aikinsa ne.

Leah ta ɗora laifin kan agwagin maƙwabciyarta Talatu, masu yawo ko'ina. Matan nan biyu da suka shekara goma suna waƙa kafaɗa da kafaɗa a zumuntar mata suka daina ko gaisuwa. Talatu ta yanke agwaginta duka don kunya, ta koma zama a bencin baya a coci. Sajan yana gani. Kunya ta ishe shi, ga tsoron zubewar girma, wata uku cur bakinsa a rufe.

Ranar da ya gaji, ya sami Leah tana share akurkin da ba komai ciki.

"Leah, ki saurare ni. Ba agwagin Talatu ba ne. Ni na ɗauko cutar nan daga Ribah a ƙafata."

Ta jingina da tsintsiya ta dube shi, sai ta yi murmushi.

"Haba Baba Sajan, mi ya kawo wagga magana? Kai da ka koya muna tsabta? Na sani, so kake ka shirya mu, shi ya sa ka ɗauki laifin wata. Allah shi saka maka. Amma Talatu, ni da ita har abada."

Ya rantse, ya maimaita. Ta kawo masa ruwa, ta raka shi bakin ƙofa tana ta godiya.