Madugu Laminu, Wanda Matafiya Suka Cinye wa Takarkarai

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakana, Madugu Laminu na Matameye, Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta masa irin abin da ake rubuta wa manya, wanda mai karatu zai share hawaye, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai dariya ta riga ni. Laifinsa ne kuwa. Mutum ne da ko labarin asararsa yake ba ka sai ka riƙe ciki.

Abin da ya ƙara tayar mini da shi bana, rigimar kamfanonin jiragen sama ce. Wannan ya karya kuɗin tikiti, kafin a kwana biyu wancan ya karya nasa, ya ɗora da alkawarin abinci mai zafi da ƙarin kaya kyauta. Fasinjoji sai murna suke. Ni da na ƙare ƙuruciyata a bayan tebur ina sayar da tikitin wani kamfanin jirgi wanda yau ko allon sunansa babu, na san inda irin wannan yake ƙarewa. Kaka ya ga irin wannan tun kafin wani a garinmu ya taɓa jin ƙarar jirgi.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama Damagaram ba. Mota babu. Wanda zai je Kano, fatauci ne ko ziyara ko neman ayarin masu zuwa hajji, takarkari yake hawa, wato sa mai igiya a hanci wanda aka horar da ɗaukar mutum da kaya. Kaka yana saurayi ya gaji 'yan takarkarai, waɗanda suka tsira daga kamen da mutanen kumandan, Baturen mulki, suke yi wa dabbobin ɗaukar kaya. Sana'a tana tafiya lafiya lau, har ranar da taubashinsa Ɗan Tanin na Kance, ɗan ƙanwar babansa, ya tashi da nasa ayarin a kan hanya guda. Kun san taubasai. Da wasa aka fara: Ɗan Tanin ya rage kuɗin hawa don ya ga fuskar Kaka, Kaka ya rage nasa don kada a ce bawansa na wasan taubasai ya fi shi. Suka yi ta ragewa har kuɗin ya kasa sayen dusa da harawa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai maroƙi ya shigo ciki. A wancan zamani maroƙi shi ne rediyo, kuma akwai ƙa'ida: abin da ya faɗa da sunanka a bainar jama'a, in ka miƙa masa tukuici, to ka amsa ke nan, ba janyewa. Ranar kasuwa wani maroƙi mai suna Jatau ya tsaya gaban rumfar Kaka ya saki kirari. Daɗi ya kwashe Kaka, ya cusa masa tukuici tun bai kai ƙarshen magana ba. Jatau da ya ji nauyin hannu sai ya ƙara murya, ya shaida wa duniya cewa duk wanda ya bi ayarin Laminu nama zai ci a kowane zango har Kano. Kaka ya ce nan take ya yunƙura zai tsayar da shi, amma mata sun riga sun rangaɗa guɗa. Kafin la'asar Jatau ya tsallaka rumfar Ɗan Tanin ya yi masa irin wannan aika-aikar.

Ranar tashi, har waɗanda ba su da abin yi a Kano sun ɗaure kaya. Wani tsoho daga Dawce ya ce 'yarsa zai gano, aka tambaye shi unguwar da take, ya ce sai an isa zai tuna.

A zangon farko Kaka ya sayi bunsuru, kuɗin hawa ya ƙare a kansa. A na biyu ya yi niyyar lallashin mutane da fura, sai iska ta kawo ƙamshi daga tsallaken hanya: Ɗan Tanin ya yanka wani gurgun takarkarinsa. Idanun matafiya duka suka juyo kan Kaka. Shi ma ya kayar da mafi tsufa a nasa. Ya yi lissafin zai shanya ragowar ta kai su gaba, bai san labari ya riga ayari ba. Kowane ƙauye aka sauka sai mutanensa su fito gaisuwa, kowa da ƙwaryarsa, kuma wa zai kori wanda ya zo yi maka sannu da hanya? Haka aka yi ta yi. Duk takarkarin da aka yanka, masu hawansa su sauko su ɗauki kayansu a ka. Abin da ya fi ba Kaka haushi har tsufansa, babu wanda ya yi ƙorafin tafiyar ƙasa. Suna tafe suna sakace, suna yi masa addu'a.

Da suka wuce Kazaure kowane madugu saura masa ɗaya. Na Kaka shi ne Goshi, wanda ya rena tun yana maraƙi, yake ba shi dusa da hannunsa, kuma duk tafiyar nan bai bar kowa ya hau shi ba. In Goshi ya tafi, sana'ar gidanmu ta tafi. Taubasan biyu suka haɗu a bayan wata tsamiya, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Suka shirya a haɗa ayarin ya zama ɗaya, a yanka sa guda, ɗayan ya zama nasu su biyu. Da aka zo kan na wa za a yanka sai gardama ta tashi, suka bar wa matafiya zaɓi.

Wata tsohuwa daga Kurni, Iya Hajara, wadda ta zama bakin matafiya tun zangon farko, ita ta fito. Ta shafa haƙarƙarin san Ɗan Tanin, ta taɓe baki. Ta zo ta kama tozon Goshi, ta jinjina, fuskarta ta washe. Kulawar da Kaka ya yi masa ita ta kashe shi.

Kaka ya ce, "Iya, shi kaɗai ya rage mini."

Ta ce, "Ɗana, ai ba ni na faɗa a kasuwa ba."

Zai iya ƙi. Babu alƙalin da zai kama shi, kuma Kano saura ƙiris. Amma ya ce ya hango kansa yana komawa Matameye a matsayin wanda aka yi shela da sunansa ya kasa cikawa, sai ya miƙa igiyar ya juya baya. Suka shiga Kano da ramammen san Ɗan Tanin kaɗai, Iya Hajara a kai, madugai biyu a ƙasa, bayansu jama'a sun yi ɓul-ɓul.

Sai da suka yi shekaru suna dako da ƙwadago kafin su sake tsayawa da ƙafafunsu, su biyu tare. Wannan karon jakuna suka saya. Kaka ya ce dalili ɗaya ne: duk haukan maroƙi ba zai yi wa mutane alkawarin naman jaki ba.

Allah ya ja kwanansa har ya ga alhazai suna tafiya ta sama. Ranar da na zo da ɗoki na gaya masa na samu aiki a kamfanin jirgi, ya sa na kwatanta masa girmansa da yawan mutanen da yake ɗauka, sannan ya ce, "Kai ja'iri, ana yanka shi?" Na ce a'a, ƙarfe ne. Ya ce to madalla, na samu aikin da zan tsufa a ciki.

A nan ne kaɗai na taɓa ganin hasashensa ya kuskure, kuma na gode Allah bai ga ƙarshen abin ba. Ashe ana yanka jirgi. Da abokan hamayya suka matsa mana, manyanmu suka karya farashi, suka ƙara alkawura, masu tallanmu suka fi Jatau baki. Aka sayar da jirgi ɗaya don a sayi man sauran, aka kwance wani don a gyara wani da kayansa. Jiragen suna tashi cike maƙil, albashi yana makara. Ranar da aka rufe ƙofa, fasinjojin da suka fi yabonmu suna layi a kamfanin da ke kallonmu. Da Kaka yana nan, na san ba zai tambayi kuɗin tikiti ba. Zai tambaya ne ko saura jirgi nawa a garke, kuma wa yake yi musu roƙo.

Na daɗe ina auna abin nan. Wauta ce ya yi, shi ma bai taɓa musu ba. Amma namu manyan da abin ya ƙare sulalewa suka yi, suka bar mutane da tikiti a hannu a filin jirgi. Shi kuwa duk wanda ya ɗauko daga Matameye sai da ya sauke shi a Kano, a ƙoshe. Bai bar mana garke ba, sai suna, kuma da sunan nan ake ba jikokinsa amana a kasuwa har yau.

Labarin duka da dariya yake ba da shi, har ya kwaikwayi yadda Iya Hajara ta jinjina tozo. Abu ɗaya ne ba ya cikin wasan. Daga ranar nan ta bayan Kazaure har ya koma ga Allah yana tsoho tukuf, naman sa bai sake shiga bakinsa ba, ko a biki ko a suna. In an kawo sai ya ture kwanon a hankali ya ce ya ƙoshi. Ranar Juma'a za mu taru a gidansa mu yi masa addu'a, kuma kamar kowace shekara, sadakar ƙosai ce. Allah ya kai haske kabarinsa.